Robar Wuyan Kawu

Mahaifiyata ce ta buga mini waya bayan sallar asuba, ko doguwar gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce in ajiye duk abin da ke gabana in je in dubo mata ƙanenta, don labari ya iso mata cewa hannunsa na dama ya kumbura har sai da aka farke ɗinkin riga kafin ta fita daga jikinsa. Na san Kawu na fama da ciwon ƙoda. Wata huɗu ke nan yana zaune a Yamai, a ɗakin babban ɗansa mai ɗan kasuwanci a Katako, ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako. A bakinta na ji cewa ya sulale ya dawo gida. Albasarsa ta nuna, ga bashin taki ga na man inji, ya ce ba wanda zai tsaya masa kan ciniki kamar shi da kansa. Kwana huɗu kacal ya ce zai yi ya koma.

Kafin hantsi ina cikin mota a tashar Maraɗi. Sanyi ya ja jiki, zafi ya fara leƙowa. Muka wuce Tibiri, muka wuce Gidan Rumji, manyan motoci na ta gifta mu shaƙe da buhunan albasa, warinta na shigowa ta taga. Albasar kwarin Tarka ce, wadda ke cika kasuwannin Accra da Abijan, ita ce kuma ke aurar da 'ya'ya da biyan kuɗin magani a duk wannan yanki.

Bangi na bakin iyaka, cikin gundumar Madawa. Ka ɗan matsa kudu ka shiga ƙasar Sabon Birni ta jihar Sakkwato, kuma dangi ɗaya ne nan da can. A da, in ciwo ya gagari asibitin Madawa, mutumin Bangi ya fi ganin kusancin Sakkwato da Yamai. Sai 'yan bindiga suka lalata hanyar. Tun daga 2021 dubban mutanen can suka yi ta tsallakowa neman mafaka a ƙauyukan Bangi, na kuma ga wasu daga cikinsu da idona, mata da yara galibi, a bakin rijiya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar baki ɗaya, ba a buɗe ba sai a 2024. Mai ciwon ƙoda a nan ba shi da zaɓi da yawa, don birane ƙalilan ne ke da injin wankin, irin su Yamai da Damagaram. Kawu ya zaɓi Yamai saboda can ne yake da wurin kwana.

Daga Bangi babur na hau zuwa ƙauyensu, a gefen fadama. Na iske shi ƙarƙashin rumfa, zaune kan tabarma, ya jingina da bango, an ɗora masa hannun kan matashin kai.

"Sannu, Kawu. Ya jiki?"

"Jiki da godiya, ɗana. Kai ma sun tasso ka? Hannun ne dai ya yi nauyi, kamar ba nawa ba."

Na durƙusa na duba. Tun daga 'yan yatsu har kafaɗa hannun ya cika tam kamar salkar da aka ɗura wa ruwa, fatar na ƙyalli, ta yi duhu fiye da ta hagu. Zoben azurfar da ya shekara talatin a yatsansa sai da maƙeri ya yanke shi. A ƙirjinsa, ɓangaren dama, ƙananan jijiyoyi sun fito raɗau sun bazu kamar saiwar gero in an tuge shi daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da ya ɗan sassauta rawani sai ga abin: filasta a gefen wuya, ta yi dauɗa da ƙura da gumi, daga ƙarƙashinta bakin roba biyu sun leƙo, ɗaya da jan murfi, ɗaya da shuɗi. A bayan kafaɗarsa kuma na ga zagaye uku da ƙananan tsaga, jini ya bushe a kansu.

Matarsa, wadda nake kira Inna, ta ga inda idona ya tsaya. Ta ce, "Mu dai munka ce ko ya taka wani abu ne a garka, ko kuwa jifa ce. Shi ne anka kira wanzami ya yi mishi ƙaho. Jinin da ya hita baƙi ƙirin. Ni kuma ina gasa mishi da ruwan zahi, ina murza mishi da man shanu." Tana faɗa tana duban fuskata don ta gane ko ta yi daidai. Duk abin da ta sani na jinya ta yi, kwana biyu ba ta runtsa ba.

Yadda Kawu ya kai ga wannan roba labari ne da kowane gida a Adar da Gobir ya san irinsa. Shekaru da suka wuce aka ce masa yana da hawan jini. Yana shan ƙwayar in kai ya sara, in ya lafa ya ajiye. Ga aikin garka mai karya ƙugu, kullum da yamma sai ya aiki yaro wurin mai tebur ya sayo masa ƙwayar ciwon jiki, irin su diklofenak, waɗanda yawan shansu ke cinye ƙoda a hankali ba tare da mutum ya ji ba. Ƙoda kuwa ba ta yin kuka da wuri. Sai da ƙafafu suka kumbura, amai ya tsananta, numfashi ya fara gagara, sannan aka ɗauke shi. Ya ce mini, "Ranar da munka isa, ranar anka sa ta. Lokotoro ya ce ta ɗan lokaci ce, kahin a yi mini aiki a hannu." Ɗan lokacin nan ne ya zama wata huɗu.

Muka ɗora shi a amalanke zuwa ƙaramin asibitin da ake kira CSI. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, wani matashi mai natsuwa, ya dubi hannun, ya dubi ƙirjin, ya tambayi ko fuskar na kumbura da safe. Inna ta ce ƙwarai kuwa, idon dama har ba ya buɗuwa sosai sai rana ta ɗaga. Bai taɓa murafen robar ba, ya ce ba a buɗe su sai a ɗakin wankin. Ya zauna gaban Kawu ya ce:

"Baba, kai manomi ne. In ka tura sanda cikin magudanar ruwan garkarka ka bar ta nan, me ke faruwa?"

"Ciyawa da laka su taru a jikinta."

"In sun taru?"

"Ruwa ya tsaya, ya koma baya, ya malale inda ba a so."

"To shi ne a hannunka. Jini ya daskare a jikin robar, hanyar komawarsa zuciya ta toshe. Kada a sake murzawa, kada a sake ƙaho. Yau ɗin nan za ku kama hanya."

Kawu ya yi shiru, sannan ya gyaɗa kai. A wata huɗun nan, wannan ne karo na farko da wani ya yi masa bayanin abin da ke wuyansa da harshen da yake mafarki da shi.

Daga baya na zauna na bi diddigin maganar, don in fahimci abin da ya sa sai a wuya. Injin wankin ƙoda na jan jini kusan mililita 300 a minti guda, na tsawon awa huɗu. Ƙananan jijiyoyin hannu da ake sa ƙarin ruwa a cikinsu ba za su iya ba da wannan ba. Dole a nemi babbar jijiya: ta wuya, ko ta ƙarƙashin ƙashin wuya, ko ta matsematsi. Robar, wadda ma'aikata ke kira kateta, kaurinta ya kusa na fensir, tana da hanya biyu, ɗaya ta fitar da jini ɗaya ta mayar da shi, kuma in ta wuya ce bakinta na ciki na tsayawa dab da ƙofar zuciya. An fi son wuyan dama saboda hanyarsa miƙaƙƙiya ce. Ba masu ciwon ƙoda kaɗai ake sa wa irinta ba. Masu ciwon daji da ake ɗura wa magani mai ƙarfi, da waɗanda ke ɗakin kulawa ta musamman, duk suna rayuwa da ita. Ta ceci rayuka ba adadi, ta ceci na Kawu. Amma jiki bai taɓa yarda da baƙo a cikin jijiya ba. Cikin 'yan kwanaki yake fara lulluɓe ta da wani siririn yauƙi. Ana danganta wa wani likitan Jamus na ƙarni na 19, Rudolf Virchow, dalilai uku da ke sa jini ya yi gudaji: tafiyarsa ta ragu, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Robar kan haɗa biyun farko ita kaɗai, don ta tare hanya, kuma duk juyin wuya tana gogar bango. Rashin ruwa a jiki, ko ƙwayoyin cuta, ko ciwon daji, ko jego, su cika na ukun. Shi ya sa irin wadda aka sa wa Kawu, mai fitowa kai tsaye daga wuya, ƙa'idar likitoci ba ta son ta wuce kamar mako biyu. Akwai wata da ake bi da ita ƙarƙashin fata ta fito a ƙirji, ita ce mai daɗewa, ita ce kuma mai tsada.

Da la'asar sakaliya muka iso Madawa, muka kwana gidan wani ɗan'uwa, da asuba muka shiga babbar motar Yamai. Tafiyar kilomita ɗari biyar ce da 'yan kai. Na zaunar da shi gefen taga, na naɗe bargo na tallafe hannun ya ɗan yi sama. Majo ya ja ni gefe jiya ya faɗa mini abin da bai faɗa gaban Inna ba: wani lokaci ɓangaren gudajin kan ɓalle, ya bi jini ya ratsa zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu. In na ga numfashinsa ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya soke shi, ko ya yi tari da jini, in tsayar da mota a asibiti mafi kusa ko da direba zai yi faɗa. Don haka ban ga hanya sosai ba, ƙirjin Kawu nake kallo yana hawa yana sauka. Na dai san mun wuce Galmi, garin da albasar ta ari sunansa, inda asibitin mishan ke karɓar marasa lafiya tun 1950. Na ga hayaƙin kamfanin siminti na Malbaza. A Kwanni aka tsaya, ya ce ƙishirwa yake ji, na ba shi kurɓi biyu kawai, don mai ciwon ƙoda da ya tsallake ranar wankinsa ruwa kan taru masa a huhu. Tsakanin Dogon Dutsi da Doso ya yi barci, na yi ta sa yatsa kusa da hancinsa.

Washegari a asibiti a Yamai aka yi masa hoton eko. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta bar ni na tsaya. Ta shafa masa wani mai sanyi a wuyan hagu, ta ɗora kan na'urar, ta nuna mini wani baƙin zagaye a allo. Ta danna kaɗan, zagayen ya lotse ya rufe, ta saki ya buɗe. Ta ce lafiyayyar jijiya ke nan. Ta koma dama. Zagayen nan ya fi girma, cikinsa toka-toka, ga robar a tsakiya tana haske. Ta danna, ya ƙi lotsewa.

"Baba, injin bai yi ta kuka ba kwanakin baya in ana maka wanki?"

"Yana yi, ɗiyata. Sai su ce in juya kai, ko in yi tari, ko su musanya bakin robar. Sai ya yi shiru."

Ta ce sau da yawa wannan kukan shi ne sallamar farko: jini ya daina fitowa yadda ya kamata. Wasu ma gudajin na nan a jikinsu ba kumburi ba ciwo, sai an duba. Aka fara yi masa heparin, maganin hana jini daskarewa. Ta bayyana mini cewa maganin ba narkar da gudajin yake yi nan take ba, hana shi ƙaruwa yake, jiki kuma ya ci gaba da cinye shi sannu a hankali, kuma magani ne na wata uku aƙalla. Ga mai ciwon ƙoda kuwa sai an yi taka-tsantsan, don wasu alluran irin su Lovenox ta ƙoda suke fita, in ba ta aiki sai su taru su jawo zubar jini. Da ta ga tsagar ƙaho sai ta ce a yi wa Allah kada a ƙara. Wanda ke kan wannan magani, ƙaramar tsaga na iya zama babbar magana. Bayan 'yan kwanaki aka cire robar wuyan, aka sa wata a matsematsi. Wuyan hagu ta ce ba za ta taɓa shi ba. Ta kama hannunsa na hagu ta riƙe kamar mai riƙon ƙwai, ta ce, "Wannan shi ne jarinka. Kada ka yarda kowa ya soka maka allura a nan, ko ɗibar jini, ko awon hawan jini."

Kwanakin da na yi a can, yawancinsu a kan bencin jira na yi su. Mutanen benci sun zama dangi. Sun san ranar kowa, sun san wanda bai zo ba, kuma in an kwana biyu ba a ga mutum ba sai a rage murya wajen tambaya. 'Yan jihar Tawa kan taru a kusurwa ɗaya. A nan na haɗu da wani tsohon malamin makaranta wanda ya daɗe a layin, ba kuma roba ko ɗaya a jikinsa. Ya naɗe hannun riga ya ce, "Malam, kawo yatsunka." A saman wuyan hannunsa akwai ɗan tabo, daga nan wata jijiya mai kauri ta taso ta yi kwana-kwana har gwiwar hannu. Na ɗora yatsu uku. Wani gurnani na ji a ƙarƙashin fata, zirrr, ba yankewa, kamar ka dafa tiyo lokacin da injin ban ruwa ke aiki. Ya ce kullum da ya farka, kafin ya yi alwala, sai ya taɓa wurin. In ya ji shiru, to ranar ba zama.

Fistul ke nan. Likitan tiyata ke haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, sai ta biyun ta yi kauri ta yi ƙarfi har ta iya ɗaukar manyan allurai biyu a kowane wanki. A 1966 wasu likitoci a birnin New York na Amurka, Brescia da Cimino da abokan aikinsu, suka bayyana wannan dabara, har yau kuma ba a sami wadda ta fi ta ba, don ba baƙon abu a cikin jijiya. Sai dai ba a amfani da ita ranar da aka yi ta. Sai ta nuna, kamar mako shida zuwa wata uku. Wanda aka gano ciwonsa da wuri, ana yi masa ita tun kafin ya buƙaci inji, ya shiga wanki bai taɓa sanin roba ba. Mutanenmu kuwa a kwance ake kawo su, rai a hannun Allah, ba lokacin jiran komai. Malamin ya ce shi ɗiyarsa ce ta matsa masa gwajin jini, shi ya sa. Yana kuma da burin dashen ƙoda a Kano, inda asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara wannan aiki tun 2002, in Allah ya hore.

Maganar kuɗi ba ta ƙarewa a bencin. Kowa na yaba matakin da gwamnati ta ɗauka daga 1 ga Satumba 2024, na rage kuɗin magani a asibitocinta da soke sefa 150,000 da ake ajiyewa kafin a shiga layin wankin ƙoda. Jaka ɗari da hamsin ba wasa ba ce ga manomi. Amma akwai hayar ɗaki, akwai abinci, akwai kuɗin kabu-kabu sau biyu a mako, akwai gwaje-gwaje da takardun magani, ga kuɗin aikin hannun, ga jiran layin masu yin sa don ba su da yawa. Kowane mako da aka ƙara ana haɗa kuɗi, robar wucin gadi na ƙara kwana a wuya.

Abin da ya fi ci mini rai ba ya cin ko dala. An sallami Kawu da roba a wuya da takardu cikin Faransanci, shi da bai taɓa zama ajin lakkwal ba. Ban ga laifin ma'aikatan ba. Na ga yadda mutum ɗaya ke zagaya injuna da yawa, wannan na kuka wancan na kuka. Amma da wani ya ɗauki minti biyar ya ce masa da Hausa, gaban matarsa ko ɗansa, in ka ga hannu ko fuska ta kumbura, ko wuya na ciwo, ko jijiyoyi sun fito a ƙirji, ko zazzaɓi da rawar ɗari sun kama ka, kada ka kwana, da ba a kira wanzami ba. Mutanen da ke haddace farashin buhu a kasuwa biyar ba za su kasa riƙe alama biyar ba. Haka nan masu yawo ƙauye-ƙauye suna ɗaura wa mutane ƙarin ruwa a kan ƙaramin zazzaɓi, suna huda jijiyoyin hannu ba dalili, ba su san cewa wata rana ran mutumin na iya rataya a kan wannan jijiyar ba.

Ranar da zan taso, wani ɗan Buza da ke jinyar mahaifinsa ya ji cewa aiki zai bi da ni ta Tawa. Ya roƙe ni in kai wa ƙanwarsa saƙon magani, kwali biyu na Sintrom a cikin baƙar leda. Na karɓa.

Daga Tawa na bi hanyar Keita. Duk wanda ya bi ta nan zai ga layukan duwatsu a jikin tuddai da madatsun ruwa a kwaruruka, aikin da aka fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya tare da hukumar FAO, wanda mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a kai. Hikimar aikin ita ce a rage wa ruwan sama gudu, don ya ajiye lakar da ya ɗauko, ƙasa ta farfaɗo. Na tsaya bakin wata madatsa ina kallon lakar da ta kwanta a bayanta, ta bushe ta tsattsage, sai zagayen nan mai toka-toka na allon likita ya faɗo mini a rai.

A wani ƙauye kusa da Buza na sami mai saƙon. Yarinya ce ƙarama, haihuwarta ta biyu, tana zaune a ƙofar ɗaki da jariri a cinya, ƙafar dama miƙe kan kujera 'yar tsugune. Uwar mijinta ce ta fi yin maganar. Wurin haihuwa jini ya ɓalle mata, ƙodarta ta tsaya, fitsari ya ɗauke. Aka yi gaba da ita, aka sa mata roba a matsematsi, aka yi mata wanki 'yan lokuta. Allah ya taimaka ƙodar ta farfaɗo, don irin wannan tsayawar ta farat ɗaya takan warke, ba kamar ta Kawu ba. Aka cire robar, suka dawo gida da murna. Ba a yi mako ba ƙafar ta kumbura tun daga cinya, ta kasa taka ta.

"Munka ce sanyin jego ne ya shige ta, tunda ba ta samu wanka da wuri ba," in ji tsohuwar. "Munka ƙara wa ruwan zahi, munka ƙara kunun kanwa."

Mai jego dama jininta na da saurin daskarewa, musamman makonni shida na farko, hikimar Ubangiji ce don kada ta zubar da shi duka. Ga kwanciyar jinya, ga raunin da robar ta bari a jijiya. Dalilan Virchow uku sun haɗu a ƙafa ɗaya. Sai da wanta ya zo ya gani, shi da ya zauna a benci ya ji labarin irin wannan, sannan aka mayar da ita asibiti.

Na miƙa ledar. Yarinyar ta buɗe kwalin, ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta nuna mini yadda aka tsaga ta gida huɗu, ta ce wani lokaci uku take sha cikin huɗun, wani lokaci rabi, gwargwadon abin da gwajin jini ya nuna. Gwajin, wanda ake kira INR, shi ke faɗin ko jinin ya tsinke da yawa ko bai kai ba, kuma ba a ƙauye ake yin sa ba. Kowane zuwa kuɗin mota ne da yini guda. Na tambaye ta abin da ya fi damunta.

Ta sunkuyar da kai, ta bari tsohuwar ta shiga ɗaki, sannan ta ce a hankali, "Malam, sun ce kada in ɗauki ciki ina shan shi, yana lahanta ɗa. Ni kuma ban san yadda zan faɗa wa mai gidan ba." Na ce ta bari wanta ya yi masa magana, ko su je tare wurin majo ya ji daga bakinsa. Ta ce za ta gwada. Ƙafar ta saɓe sosai, amma ta ce da yamma takan yi nauyi, kuma har yanzu ba ta iya zuwa rijiya.

Da na sauka Madawa na sake neman babur zuwa Bangi, don Kawu ya ba ni saƙo ga Inna. Na iske ta a garka, ita da yara, an baza albasa tana shan iska, an rufe ta da ganyenta. Ta goge hannu a zane ta taho da sauri.

"Ɗana, ya ka baro shi?"

Na ce hannun ya fara saɓewa, har yana iya lanƙwasa yatsu ya riƙe carbi. Na ce an sa shi a layin aikin hannun hagu. Na faɗa mata saƙon: a sayar da buhu goma yanzu a aika masa kuɗin, sauran a zuba a rudu a jira farashi ya tashi.

Ta yi shiru tana lissafi da yatsu. Sannan ta ce, "In anka yi mishi aikin, zai koma ɗaukar buhu?"

Na ce da wannan hannun dai a'a, ko kwanciya a kansa an hana. Ta dubi garkar tun daga bakin rijiya har shinge, ta dubi babban cikin yaran, wanda bai fi shekara goma sha huɗu ba. Ta kira shi ta ce ya je ya ɗauro jaki a amalanke. Na tuɓe riga na rataye a reshen zogale, muka fara cika buhu na farko.